Shawara ga masu koyar da yaran unguwa kyauta

'Yan'uwa, in za ku tara yara masu talla, ku fara gaida mai unguwa da iyaye mata. Sannan kada ku sa karatu da safe, lokacin neman kuɗin cefane ne. Ni a unguwar Bagalam ta Maraɗi bayan la'asar muke shimfiɗa tabarma, ban da Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa.

Lissafi kuwa, ku fara da kuɗi. Wata yarinya mai tallan ƙuli-ƙuli ba ta taɓa kuskuren canji, amma da na nuna mata 100 a jikin kwabo na ce ta karanta, sai ta ce dala ashirin. Gaskiyarta, domin a kuɗin sefa dala ɗaya 5 ce! Daga nan muka shiga ninkawa da 5, da tsakuwa da allo ɗaya. Haruffa sai daga baya.