Yadda Mai Koyar da Ayyukan Yau da Kullum Zai Zurfafa Horonsa Kan Yara Masu Lalurar Bunƙasar Ƙwaƙwalwa

Digirin farko a fannin jinya ta hanyar koyar da ayyukan yau da kullum yana ba mutum faɗin sani, amma ba ya ba shi zurfi. Ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta duniya, WFOT, wadda aka kafa a 1952, ta shar'anta wa ɗalibi awa 1,000 na aiki da hannu kafin ya kammala karatu, sai dai waɗannan awanni a rarrabe suke tsakanin tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki da masu taɓin hankali, kason yara kuwa kaɗan ne. Saboda haka wanda ya zaɓi yin aiki da yara masu otizim (lalurar da ke shafar sadarwa da mu'amala da mutane), ko masu shanyewar gaɓoɓi sakamakon raunin ƙwaƙwalwa, ko masu wahalar daidaita motsi, dole ne ya nemi ƙarin horo. Ma'aunin da zai riƙe wajen zaɓen kowane horo kuwa ɗaya ne: shin abin da zai koyo zai sa yaron ya iya ɗaga cokali zuwa bakinsa, ya ɓalle maɓallin rigarsa, ya riƙe fensir, ya shiga wasa da tsararsa?

Ka fara da neman gogaggen ma'aikaci wanda zai riƙa duba aikinka a kai a kai. Idan iyaye sun amince, ka ɗauki bidiyon zamanka da yaro, ku kalla tare da malamin naka. A nan ne za ka ga abin da ido ba ya kamawa yayin aiki, kamar yadda hannunka ke saurin kai wa yaro ɗauki tun kafin ya gama gwada nasa, ko yadda kake maimaita umarni sau uku alhali yaron yana buƙatar ka yi shiru ya sarrafa na farkon.

Bayan wannan sai koyon awo, kuma shi ne ya cancanci mafi yawan lokacinka, domin wanda bai iya aunawa ba ba zai taɓa sanin ko aikinsa yana amfani ba. Ka ƙware a ma'aunin COPM da aka fitar a Kanada a 1991, inda iyaye, ko yaron da kansa idan ya isa, suke faɗin ayyukan da suka fi damunsu, su ba kowanne maki daga 1 zuwa 10 kan yadda ake yin sa da kuma gamsuwarsu da shi. Canjin maki 2 ko fiye bayan jinya shi ake ɗauka a matsayin ci gaba mai ma'ana. Ka haɗa da ma'aunin cimma buri na GAS, mai matakai daga -2 zuwa +2, wanda ke tilasta maka rubuta buri a fili, misali cewa yaro zai sa takalmansa biyu da kansa cikin minti biyar, maimakon buri mai hazo irin na inganta motsin hannu. Ga yara masu shanyewar gaɓoɓi, ka san matakai biyar na ma'aunin GMFCS na 1997 kan zama da tafiya, da matakai biyar na ma'aunin MACS na 2006 kan amfani da hannu, domin abin da za a sa rai ga yaron da ke mataki na 2 ya sha bamban da na wanda ke mataki na 5, kuma yi wa iyaye alkawarin da ya wuce matakin ɗansu zalunci ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Sai batun zaɓen hanyar jinya da za ka kashe kuɗinka da lokacinka a kanta, kuma a nan ne da yawa ke bin suna su bar hujja. A 2013 Iona Novak da abokan aikinta a Ostireliya suka tace binciken da aka yi kan jinyar shanyewar gaɓoɓi, suka rarraba hanyoyin da launukan danjar titi, sannan suka sabunta aikin a 2020. Cikin waɗanda suka sami kore, wato masu ƙaƙƙarfar hujjar amfani, akwai ɗaure hannu mai lafiya na wasu awanni domin a tilasta amfani da mai raunin, da horar da hannaye biyu tare, da horo kan takamaiman buri, da shirin atisaye a gida. Hanyar Bobath, wadda Berta da Karel Bobath suka assasa a Landan tun shekarun 1940, ba ta sami wannan goyon baya ba duk da shahararta. Haka kuma hanyar daidaita saƙonnin ji da gani da taɓi, wadda Jean Ayres ta bunƙasa a Amurka: a 2012 Kwalejin Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana cewa hujjar amfaninta taƙaitacciya ce. Wannan ba ya nufin a yi watsi da fahimtar yaron da ƙarar injin ko ɗinkin riga ke tayar wa hankali, wannan fahimta wajibi ce. Abin nufi shi ne, idan za ka koyi hanyar, ka koye ta bisa ƙa'idojinta na asali, ka kuma auna sakamakonta kamar kowace.

Ina ganin hanyar CO-OP, wadda Helene Polatajko da Angela Mandich suka tsara a Kanada, ta cancanci kasancewa cikin farkon abin da za ka koya, musamman saboda yara masu wahalar daidaita motsi, waɗanda suka kai kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na 'yan makaranta. Yaro ne ke zaɓen burinsa, ya tsara dabara, ya aikata, ya duba ko ta yi, kai kuwa aikinka tambaya ce da ke kai shi ga gano inda ya kuskure. Wahalarta ga ma'aikaci ita ce kame bakinsa daga faɗin amsa.

Wanda ke son aiki da jarirai ya nemi horo kan nazarin motsin jariri na Prechtl da gwajin HINE na duba aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jariri, waɗanda idan aka haɗa su da hoton ƙwaƙwalwa na MRI suke iya nuna haɗarin shanyewar gaɓoɓi kafin jariri ya cika wata 5, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

Akwai kuma tsararrun shirye-shirye masu tsawo. A Amurka shirin LEND yana haɗa ma'aikatan fannoni daban-daban da iyaye a horo guda, inda cikakken ɗalibi ke yin awa 300 ko fiye, ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni ta Amurka, AOTA, kuma tana ba da shaidar ƙwarewa a fannin yara. Fa'idar irin wannan shiri ita ce zama kusa da mai gyaran magana da mai gashin ƙashi da likitan yara da malamin makaranta, ka ji yadda kowannensu ke kallon yaro ɗaya. Inda babu irinsa, ana iya haɗa digiri na biyu da gajerun kwasa-kwasai ta intanet, muddin akwai wanda ke duba aikinka ido da ido.

Kada ka bar koyon horar da iyaye a baya. Yaro yana tare da kai awa ɗaya a mako, sauran awannin kuwa yana gida da makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koyar da masu kula da yara dabarun mu'amala da wasa da ayyukan gida, kuma ya dace ka san shi. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka tambayi masu shirya shi binciken da suka dogara da shi, da shekarun yaran da aka gwada shi a kansu, da kuma ko za su duba aikinka bayan an tashi daga aji.