Tarin da ya ƙi jin maganin tibi: yadda za a bi a duba ko fangas ne

Mu nan karkara in aka ce fangas abinda muka sani makero ne da kyasbi, a shafa man kemis sati biyu ya wuce. To akwai wanda baya tsayawa a fata, huhu yake shiga ko jini ko ƙwaƙwalwa, ba kasafai ake samunsa ba amma in ya kama mutum sai a daɗe ana masa maganin wata cuta daban. A 2022 hukumar lafiya ta duniya ta fitar da jerin iri 19 da tace a sa musu ido. Kafso da allurar kashe bakteriya na kemis basa taɓa su ko kaɗan.

Fara da gwajin tibi, kyauta ne a asibitin gwamnati, ka bada kaki a saka a na'urar GeneXpert. In ance babu tibi amma tarin yaƙi tafiya wata uku, ko kuma mutum ya shanye maganinsa na wata 6 cif amma har yanzu yana rama yana tofar da jini, dan Allah kar a yarda a sake ɗora shi kan maganin tibi haka kawai. Tibi yakan bar rami a huhu, wani fangas da ake kira asfajilos, dangin funfunar da ke kama hatsi in rumbu yayi danshi, sai ya shiga ramin ya zauna yayi curi. Ana gano shi da hoton ƙirji, siti sikan yafi nunawa, sai gwajin jini na asfajilos ɗin. Ka buɗe baki kace "likita ko za a duba fangas?" ba rashin kunya bane.

Kuma ka faɗi sana'arka, nan ne mutanenmu ke yin shiru. Likita bazai san kana kwashe kashin kaji ko na tattabaru kana kaiwa gona ba, ko ka share tsohon ɗaki da jemagu suka cika, in ba kai ka faɗa ba. A irin wannan ƙurar ake shaƙar wani fangas mai suna histofilasma, shima kamar tibi yake zuwa da zazzaɓi da rama, akwai ma irin na Afirka da ke fitowa da ƙuraje a fata ya ci ƙashi. Ka tafi da katin tibi da tsofaffin hotuna da kwalayen duk maganin da aka sha, har na gargajiya ka ambata.

Asibitin ƙauye ba shi da kayan wannan aikin, ka nemi takardar turawa zuwa babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na tarayya a Birnin Kudu. Can za a iya yankar ɗan nama a duba a madubin likita, ko a shuka kaki a jira fangas ɗin ya tsiro, wani har sati 4 ko fiye, saboda haka kayi guzurin haƙuri da kuɗin mota na komawa, ba wasa da kai ake ba.

Mutum biyu kam ba a jira da su. Mai cuta mai karya garkuwar jiki da CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a jininsa, ya sauka ƙasa da 200 in ya fara ciwon kai mai tsanani da ruɗewa, a masa gwajin fangas ɗin da ake kira kiriftokokas, jini kaɗan ne kuma a ranar ake samun sakamako, in ya nuna sai a ɗebi ruwan baya don sanƙarau yake kawowa. Sai mai ciwon suga da gefen fuskarsa ko idonsa ya kumbura, cikin hanci ko ganda yayi baƙi, wannan alamar fangas ɗin nan ce da ya addabi Indiya a 2021 lokacin korona, a daren za a nemi mota.

Manomi da ƙaya ta soke shi ƙafar ta kumbura a hankali ba zafi, tana ɓulewa tana fitar da ƴan ƙwayoyi baƙaƙe, kar a kai wa wanzami ya tsaga, maisetoma ce mai yiwuwa, ƙwayoyin nan su ake dubawa a gane fangas ne ko bakteriya don maganinsu daban daban ne.

Kar ka sayi maganin fangas na fulkonazol da kanka, baya kashe asfajilos. Itirakonazol da ake bayarwa wata 6 ake sha ko fiye, kuma rifamfisin na maganin tibi yana karya masa ƙarfi, shi yasa dole likita ya san me kake sha kafin ya rubuta.