Kafin a Zauna Rabon Gado

'Yan'uwa, Allah ya jiƙan magabatanmu. Ga abin da na koya bayan rasuwar Babanmu.

Da an share makoki, a samu amintattu biyu su bi ɗaki-ɗaki su rubuta duk abin da mamaci ya bari, a ɗauki hoto da waya. A ware abin da ba nasa ba: kayan ɗakin matansa nasu ne, haka ajiyar da mutane suka ba shi amana.

Kada magaji ya yi wa kaya kuɗi da kansa, ko da shi ne babban wa, domin daga nan zargi yake farawa. Kuma farashin yau ake bi, ba na ranar da aka saya ba. Zinari a kai wa masu awo, su duba ingancinsa, ko karat 18 ne ko 21, su auna giram, a kuma tambayi shago biyu ko uku. Dabbobi a kira dillalin kara, amma a kula: ƙimar da aka yi gab da Babbar Sallah takan faɗi bayan layya. Haka aka yi da ragunan Baba, ƙanwata da suka faɗa rabonta ta cutu, har yau abin yana damuna.

Sai a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, har da ragowar sadaki in akwai, sannan wasiyyar da ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya bisa uku) ba. Kowane magaji ya sa hannu a takardar kafin a kai wa malami ko alƙalin da zai raba.