Kurakuran da masu neman su Harvard ke yi kan gatan 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasa

Yaranmu da yawa suna ɗauka maki kaɗai ke shigar da mutum manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard da Yale, wallahi ba haka bane. Shari'ar da aka yi da Harvard, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncinta a 2023, ta tona takardunsu, aka ga a wancan lokacin wanda iyayensa suka yi karatu a can kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka, sauran jama'a kuwa wajen 6 cikin 100, 'yan wasan da kocin jami'ar ya sa a jerin waɗanda yake so a ɗauka sun haura 80 cikin 100. Kai da ba ka da ko ɗaya layinka ya fi cunkoso, don haka kar ka zuba duk burinka a jami'a biyu.

Sai masu cewa ai kawuna ya yi mastas a can. Wannan ba ya sa ka cikin 'yan gatan, yawanci uwa ko uba da suka yi digirin farko a jami'ar ake nufi. Gara ka nemi inda ba ruwansu da wannan gatan, jami'ar MIT ba ta duba shi, Johns Hopkins ta daina, Amherst ma ta soke a 2021.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wasanni. Yaro zai rubuta a fom cewa shi kyaftin ne a ƙwallon makarantarsu yana jiran ya shiga sahun 'yan wasa, alhali in koci bai san da kai ba, ofishin adimishan zai karanta shi kamar kowane kulob. Tun saura shekara biyu ka gama sakandare ake tura wa koci imel, da bidiyon cikakken wasa ba yankakken na TikTok ba, in gudu kake yi ka sa lokacinka na mita 400 da sunan gasar, sannan sakamakon makaranta, don ko koci na sonka sai makinka ya kai. Kuma jami'o'i takwas na Ivy League, rukunin da su Harvard da Yale ke ciki, ba sa ba da sikolashif na wasa sam, tallafinsu gwargwadon ƙarfin iyayenka ne. Abin da ke min ciwo, da yawan gurabun na wasannin masu kuɗi ne, tseren kwale-kwale, wasan takobi, sikwash.

Ejan da ya ce zai haɗa maka takardun ɗan wasa, ka guje shi. A 2019 aka kama wani eja a Amurka mai suna Rick Singer kan irin wannan, har kan yaro ake ɗorawa a hoton wani ɗan wasa, iyaye da dama sun shiga gidan yari, wasu yaran aka kore su. In shawara kake so, je ofishin EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai ba da shawara kan karatu a can, a Abuja ko Legas ka tambaya.