Babi na 6: Kula da Injin Daddatsa Itace Mai Shan Fetur

Injin nan kashi biyu ne. Akwai injin fetur mai ba da ƙarfi, irin Honda GX200 ko na Caina da aka kwaikwaya daga gare shi, akwai kuma faifan ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe. Bel ne ke haɗa su. Ƙarami irin wannan, mai ƙarfin doki 6.5, rassan darbejiya masu kaurin ƙotar fartanya yake ci, da karan dawa da na masara. Gungume ba abincinsa ba ne.

Darasi na 1: Kafin hannu ya shiga

Dubi makunni, ɗan'uwa. Rubutu biyu ne a jikinsa. ON, haruffa biyu, kunnawa ke nan. OFF, haruffa uku, kashewa. Idan karatun bai zauna ba tukuna, ƙirga haruffan, ba abin kunya ba ne.

Duk lokacin da za ka taɓa cikin injin, abu uku za ka yi. Ka mayar da makunni kan OFF. Ka jira faifan ya tsaya cak. Sannan ka cire hular fulogi.

Hular fulogi ita ce baƙar robar nan da waya mai kauri ta shiga cikinta, a saman injin. Kama robar, ba wayar ba, ka ja. Kawar da ita gefe yadda ba za ta taɓa kan fulogin ba. Yi hattara da salansa, yana kusa, kuma yana ƙuna.

Me ya sa? Faifan yana da nauyi, yakan ci gaba da juyi bayan ƙarar inji ta mutu. Kuma idan ka juya shi da hannu, bel na iya juya injin, injin ya tashi alhali yatsunka suna bakin wuƙa. Makunni kan lalace, wayarsa kan tsinke ba ka sani ba. Idan hular tana waje, babu wutar da za ta kai fulogi. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: su kashe, su jira, su manta hula. Faɗa da bakinka: kashe, jira, cire hula. Madalla. Sake faɗa.

Darasi na 2: Baƙin mai da matatar iska

Ajiye injin a wuri mai daidai, ba gangare ba. Cire hula. Kwance murfin baƙin mai, goge sandar da ke jikinsa da tsumma, ka mayar da ita ba tare da ka murɗa ba, ka zaro ka duba. Mai ya kamata ya kawo bakin ramin. GX200 kusan lita 0.6 yake ɗauka, wato rabin lita da ɗan ƙari. Sabon inji a yi masa juye bayan awa 20 na aiki, daga nan duk awa 100 ko wata shida. A juye da ɗumi, dattin ya fi fita. Da yawa daga injinan nan suna da na'urar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, don haka idan ya mutu haka kawai, mai za ka fara dubawa.

Matatar iska kuwa, idan soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai a matse. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi. Lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, duba ta kullum.

Darasi na 3: Idan ya cushe

Ɗanyen ganye da yawa ne ke toshe mafita, ko tura itace da gaggawa, ko aiki da ƙaramar wuta. Ba injin wuta sosai kafin ka fara ba shi itace, gindin reshe ya fara shiga, ka riƙa gauraya ɗanye da busasshe. Da ka ji muryarsa ta yi ƙasa, dakata ya farfaɗo.

Ya riga ya cushe? Kashe, jira, cire hula. Ba a cewa "ai ɗan wannan ne kawai." Sau nawa za a faɗa? Mutum da gemunsa ya zura hannu a bakin inji don ƙyashin cire roba guda! Cire hular, malam. Sannan ka zaƙulo abin da sanda, ba da yatsa ba. Kuma kada ka tsaya gaban injin nan da babbar riga ko rawani mai lilo, reshe zai kama ya ja ka.

Darasi na 4: Ya ƙi tashi

Da farko, ka mayar da hular? Akan manta da wannan ma. Duba fetur, buɗe famfon fetur, rufe cok (ɗan hannun da ke rage iskar da ke shiga injin) idan injin da sanyi, makunni kan ON, ja igiya. Da ya tashi, buɗe cok. Idan ya ƙi, kwance fulogi. Jiƙaƙƙe ne, fetur ya yi yawa, shanya shi. Ya yi baƙi, goge da burushin waya. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, lambarsa NGK BPR6ES. Fetur da ya wuce wata a tanki yakan toshe kafireta, kwance notin da ke ƙarƙashinta ka zubar.

Darasi na 5: Wuƙaƙe

Idan itace yana fitowa zare-zare, ko sai ka danna da ƙarfi yake shiga, wuƙa ta dakushe. Cire hula. A wasa su duka daidai, in ba haka ba injin zai yi jijjiga. Ɗaure notinsu tam.

Darasi na 6: Bel da boris

Danna tsakiyar bel da yatsa, kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1. Ya tsattsage, canja shi. Sa wa boris, wato ƙarafan da sandar faifan ke juyi a cikinsu, giris. Abin da ya wuce haka, kai wa bakanike.