Yadda za ka ƙi aiki mai haɗari ba tare da ka ba su hujjar korarka ba

Ni wakilin ma'aikata ne kan sha'anin kariya a wata masana'antar sarrafa ƙarfe. Tambayar da aka fi yi mini, galibi bayan an ja ni gefe, ita ce: "In na ce ba zan taɓa injin nan ba, za su kore ni?" Amsata ba ta canzawa. Doka tana bayanka, amma yadda ka ƙi ɗin shi zai raba gardama.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 155 ta shekarar 1981 kan lafiya da kariyar ma'aikata. Sashe na 13 ya tanadi cewa ma'aikacin da ya janye daga aiki don yana da ƙwaƙƙwaran dalilin ganin rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin babban haɗari nan take, a kāre shi daga hukuncin da bai dace ba. Sashe na 19 ya ɗora masa sanar da shugabansa na kusa ba da ɓata lokaci ba, ya kuma hana mai kamfani tilasta masa komawa muddin haɗarin na nan ba a gyara ba. A watan Yunin 2022 ILO ta sa wurin aiki mai aminci cikin ginshiƙan haƙƙoƙin ma'aikata, abin da ya hau kan dukkan ƙasashen da ke cikinta, har waɗanda ba su amince da yarjejeniyar a hukumance ba. Sai dai a gaban kotu dokar ƙasarka ce za ta yi magana, don haka ka nemo ta ka karanta sashen da ya shafe ka tun kafin ranar buƙata.

To, ranar ta zo. An miƙo maka injin yankan ƙarfe na hannu, ka duba ka ga an cire murfin da ke kāre faifan, wai don aiki ya yi sauri. Faifan kuma ga tsagewa siririya kusa da bakinsa. Irinsa in ya tarwatse yana tsakiyar juyi, ɓarɓashinsa fuska da wuya yake nufa. Kashe injin, cire shi daga wuta, ka je wurin shugabanka da ƙafarka. Kada ka ce "ba zan yi aiki ba". Ka ce: "Injin nan ba murfi, faifan ya tsage. A canza shi, ko a ba ni wani aikin kafin a gyara." Jimla ta farko za a iya rubuta ta a fayil ɗinka a matsayin rashin biyayya. Ta biyu kuwa rahoton haɗari ce, kuma ta nuna kana son aikin.

Kada ka bar harabar kamfanin cikin fushi. Nan mutane da yawa ke zubar da gaskiyarsu, domin da ka fita an sami abin faɗa: ya gudu daga bakin aiki. Koma inda haɗarin ba zai kai gare ka ba, ka tsaya inda ake ganinka.

Sannan ka rubuta. Na fi nanata wannan a kan komai, har abokan aiki na yi mini dariya. Maganar baki gobe za a ce ba a ji ba. Saƙon waya mai layi uku ya isa: kwanan wata da lokaci, wane inji, me ka gani, wa ka gaya wa. In an yarda da ɗaukar hoto a wurin, ɗauka. Ka tabbata wani abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya gani da idonsa, ka kuma ajiye kwafin komai a wajen kamfanin.

Za a iya ce maka ai kullum haka ake yi, ba wanda ya mutu. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. A ginin Rana Plaza da ke Bangladesh an ga tsagewa a bango ranar 23 ga Afrilun 2013. Washegari aka matsa wa masu ɗinki su koma ciki, ginin ya rufta, sama da mutum 1,100 suka rasu.

In shugabanka ya yi kunnen uwar shegu, haura sama: jami'in kariya na kamfani, kwamitin lafiya da kariya in akwai, ƙungiyar ƙwadago, daga nan sai ofishin sufetocin ƙwadago na gwamnati. Yarjejeniyar ILO mai lamba 81 ta 1947 ta ba sufeto ikon shiga wurin aiki dare ko rana ba tare da sanarwa ba, ta kuma wajabta masa ɓoye sunan wanda ya kai ƙara. Ma'aikata kaɗan ne suka san wannan, shi ya sa tsoro ke daƙile ƙorafi tun a ciki.

Batun kayan kariya gajere ne. Hular kwano, safar hannu, tabarau, takalmi, abin toshe kunne, duk nauyin mai kamfani ne. Sashe na 21 na yarjejeniya ta 155 ya ce matakan kariya ba za su ci kuɗin ma'aikaci ba, saboda haka in ka ga an zaftare albashinka da sunan takalmi, ka nemi bayani a rubuce. Kai ma akwai naka nauyin: wanda aka ba tabarau ya rataya a wuya ya raunana hujjarsa da kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗarin da ba ya zubar da jini. Ƙiyasin ILO na 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma mafi yawansu cuta ce ke kashe su, ba hatsari ba. Ƙurar dutse da yashi na cin huhu shekara da shekaru kafin tari ya bayyana. Ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85, in ana shan ta awa takwas kullum, tana kashe ji a hankali. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, wurin ya cancanci a auna. Jarkar sinadarin da ba ta da takarda a jiki, kada ka buɗe ta don ka shinshina. Yarjejeniya mai lamba 170 ta 1990 ta ba ka haƙƙin sanin abin da ke ciki da ganin takardar bayanin haɗarinsa.

In kuma rauni ya riga ya faru, komai ƙanƙantarsa, a shigar da shi littafin hatsari a ranar. Ka gaya wa likita ƙarara cewa a bakin aiki ka same shi, ka roƙi ya rubuta haka, domin wannan takardar za a fara nema in maganar diyya ta taso. Duk takardar da aka kawo maka kana kwance, musamman mai cewa an biya ka ka yafe, kada ka sa mata hannu sai wakilin ƙungiya ko lauya ya karanta ta.