Yadda Ake Wanke Ƙasan Gefen Mota da Kare Shi Daga Tsatsa

Daga tsakiyar ƙofa zuwa ƙasa, nan ne mota ta fi shan wahala. Duk abin da tayar gaba ta taka, ko laka ce, ko tsakuwa, ko narkakkiyar kwalta, ko ruwan kwata, can take watso shi: a kan leɓen ƙofofi da kuma dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashinsu, tsakanin tayar gaba da ta baya, inda ake kafa jak. Wannan ƙarfe ba ado ba ne. A yawancin ƙananan motocin zamani, waɗanda ba su da shasi daban da bodi, yana cikin abin da ke riƙe motar, kuma cikinsa holoƙo ne. Idan ya ruɓe, gyaransa sai da yanka da walda. Duk da haka, a wuraren wankin mota da yawa shi ake bari ƙarshe, a bi shi da ragowar ruwan bokiti da soson da ya riga ya ɗebo yashi.

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu, tiyo ko injin feshin ruwa, sabulun wankin mota na ruwa, soso mai laushi da aka ware wa ƙasan mota kaɗai, burushi mai laushi, tsohon burushin haƙori, tsumma mai tsabta uku ko huɗu, maganin cire kwalta, da waks, wato man da ake shafa wa fenti don kariya da ƙyalli. A yi aikin a inuwa, da safe ko bayan la'asar. Ɗora bayan hannunka a jikin ƙofa. In da zafi, jira. Sabulu da magani suna bushewa a kan ƙarfe mai zafi kafin su yi aiki, su bar tabon da ya fi dauɗar wuyar fita.

Ruwa kafin hannu

Mafi yawan zanen da ake gani a ƙasan ƙofofi ba hanya ce ta yi shi ba, mai wanki ne. Busasshiyar laka cike take da yashi, kuma da zarar ka ɗora soso a kanta ka ja, samfefa ka yi wa fentin. Don haka a jiƙa wurin tukuna, a bar shi minti 5, a sake jiƙawa. Jar ƙasa musamman tana son haƙuri, domin yumɓun da ke cikinta yana kama fenti da ƙarfi, kuma a kan farar mota takan bar jan shatin da ba ya fita a wanki ɗaya idan ta daɗe.

Fara da cikin madigadi, sama da taya, ka fesa har ruwan da ke saukowa ya daina yin ja. Akwai wani lungu a bayan tayar gaba, inda madigadi ya haɗu da ƙasan ƙofa, wanda laka da ganye ke taruwa a ciki su zauna da danshi wata da watanni. Nan ne tsatsa ta fi son farawa. Ka dage a wurin. Idan da injin feshi kake aiki, bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin bakin injin da mota, kuma ka fesa a karkace. Kada ka auna bakinsa kai tsaye a inda fenti ya ɓantare ko kan robar ƙofa, zai ɗaga fentin ko ya cusa ruwa ciki.

Daga nan sai sabulu. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. Ka ja soso a miƙe daga gaba zuwa baya, ba zagaye-zagaye ba, ka ɗauraye shi bayan kowace ƙofa kafin ya koma cikin sabulu. Omo da sabulun wanke-wanke suna fitar da dauɗa, gaskiya ne, amma suna tafiya da waks ɗin da ke kan fenti, kuma garin omo da bai narke ba yana yin zane. Inda maiƙo ya yi yawa, a yi amfani da ruwan wanke maiƙo na mota, kashi 1 a cikin kashi 10 na ruwa, a bar shi minti 2 zuwa 3, a goga da burushi, a ɗauraye tun bai bushe ba. Buɗe ƙofofin ka wanke leɓensu na ƙasa da matakalar shiga, ka bi lungunan da burushin haƙori.

Kwalta

Bayan ka tsane wurin, shafa da tafin hannu. Baƙaƙen ɗigon da za ka ji suna tsaye a kan fenti kwalta ce, kuma ta fi yawa a lokacin bazara ko bayan an bi titin da ake gyarawa. Sabulu ba ya taɓa ta, farce kuwa zai cire ta tare da ƙyallin fenti. Narkar da ita ake yi. Wurin ya zama a bushe, domin ruwa yana hana maganin kamawa. Fesa maganin cire kwalta, ka jira minti 2 zuwa 3 har ka ga ɗigon ya fara zubar da ruwan ƙasa-ƙasa, sannan ka share a hankali da tsumma, kana juya shi zuwa gefe mai tsabta. Wanda ya ƙi fita a sake masa magani, kada a ƙara ƙarfin hannu.

In babu maganin, kananzir yana yi. Ɗan kaɗan a tsumma, a dafa shi a kan ɗigon na minti ɗaya, a share, a wanke da sabulu nan take. Gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna, musamman idan motar ta taɓa shan sabon fenti, kuma kada ya zauna a kan baƙar roba. Fetur da tina kuwa a bar su inda suke. Tina tana narkar da fentin da aka sake yi, fetur yana dusar da shi, ga haɗarin wuta.

Idan bayan wannan har yanzu fentin yana da kaushi a hannu, akwai ƙullun goge fenti da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Ana jan shi a kan fenti da ruwan sabulu mai yawa. Sai dai banda ɓangaren nan mai gurji-gurji da wasu motoci ke da shi a can ƙasa. Wancan rufin kariya ne daga tsakuwa, burushi mai laushi kawai yake buƙata.

Ramukan da ba a dubawa

Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin kowace ƙofa. Za ka ga ƙananan ramuka biyu ko uku a leɓenta. Ruwan sama yana shiga ƙofa ta gefen gilashi, haka aka ƙera ta, kuma ta nan yake fita. Dogon ƙarfen ƙasa ma yana da nasa ramukan a jikin haɗin da ke ƙarƙashinsa. Ƙurar hunturu tana shiga, ruwan farko na damina ya mayar da ita laka, ramukan su toshe. Daga nan ruwa ya kwanta a ciki, ƙarfe ya fara ci daga inda ido ba ya gani. Idan kana jin motsin ruwa a cikin ƙofa lokacin buɗewa, to an riga an kai nan. Buɗe ramukan da tsinken roba ko na itace. Ƙusa da waya suna kankare fentin bakin ramin, su buɗe wa tsatsa hanya. Wannan aikin minti 10 ne, kuma ya fi duk wani waks amfani. A yi shi kafin damina da bayanta.

Duba kuma inda ake kafa jak. Masu faci sukan ɗora jak inda suka ga dama, haɗin ƙarfen ya lanƙwashe, rufinsa ya tsage. Motocin da aka shigo da su daga Kanada ko arewacin Amurka da Turai, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, sau da yawa sukan iso da tsatsa a wannan wuri, wani lokaci a ɓoye a bayan robar gefe.

Ƙaramin ɓantare da bai fi ƙwayar gero ba, a goge shi da sifirit, a ɗiga masa fenti mai lambar launin motar da tsinke. Tsatsar sama a kankare ta da samfefa mai lamba 120 har farin ƙarfe ya fito, a goge gefen da mai lamba 320 ya yi santsi, a sa firaima shafi biyu, sannan fenti. Amma idan fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, daga ciki tsatsar ta fito. Danna da sukundireba. In ya lotsa, aikin mai gyaran bodi ne, kuma ka ce masa ya yanke ya yi walda. Fila, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi, ba ya daɗewa a kan ruɓaɓɓen ƙarfe.

Kariya

A busasshen fenti mai tsabta, shafa waks siriri, ka bar shi ya yi fari-fari, ka goge, ka ƙara shafi na biyu. A ƙasan mota ba ya daɗewa kamar a bonet, don haka a sabunta duk wata 2 zuwa 3, ko da zarar ruwa ya daina dunƙulewa a kansa. Kada ya taɓa baƙar roba, yana barin farin tabo. Ita tana da nata man. Robar tare laka a bayan kowace taya tana rage abin da ke isa ga ƙofa ƙwarai, kuma ba ta da tsada. Mai bin hanyar tsakuwa kullum zai iya sa a manna masa ledar kare fenti a ƙasan ƙofofi.

Cikin dogon ƙarfen ƙasa kuwa akwai waks na feshi mai doguwar tiyo da ake zurawa ta ramukan da ke da murfin roba. A yi shi da rani, lokacin da ciki ya bushe sarai, a sake buɗe ramukan fitar ruwa bayan an gama. Fesa baƙin mai da wasu ke yi a ƙarƙashin mota yana kama ƙura, yana kumbura robobi, kuma yana ɓoye yoyon da ya kamata makanike ya gani.

Da damina, duk ranar da aka shiga laka ko aka ratsa ruwa, a fesa ƙasan motar da ruwa zalla a ranar, ko da ba za a yi cikakken wanki ba. Laka tana fita cikin minti 3 tun tana ɗanye.